Nisan Tafiyar Jirgin Sama Daga Yamai Zuwa Jidda Da Hukunce-Hukuncen Da Suka Rataya A Kansa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk shekara idan lokacin aikin Hajji ko Umarar Ramadan ya gabato, maniyyata sukan yawaita tambaya a kan nisan da ke tsakanin Yamai da Jidda, da awoyin da ake yi a sama, da yadda za a yi da salla da azumi da harami a cikin jirgi. Tambayoyin nan a haɗe suke, domin wanda bai san nisan tafiyarsa da bambancin lokacin ƙasashen biyu ba yana iya rasa sallar asuba a sama, ko ya wuce miƙati babu harami har jini ya hau kansa. Saboda haka muka tattara bayanin a wuri ɗaya domin maniyyaci ya karanta kafin ranar tashi.

Filayen jirgin biyu

Filin jirgin saman Yamai yana ɗauke da sunan Diori Hamani, shugaban Jamhuriyar Nijar na farko, wanda ya yi mulki daga 1960 zuwa 1974. Yana kudu maso gabashin birnin, kuma an sabunta shi a 2019 gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka da aka yi a Yamai. A jikin tikiti da takardar da ake liƙa wa kaya ana rubuta shi da haruffa uku, NIM.

Filin jirgin saman Jidda yana ɗauke da sunan Sarki Abdul'aziz, wanda ya kafa daular Saudiyya ta yanzu. An buɗe shi a 1981 a arewacin birnin, kuma yana da sashe na musamman na alhazai mai rufi kamar tantuna. Alamarsa a tikiti JED. Akwai kuma filin jirgin Madina mai sunan Yarima Muhammad bin Abdul'aziz, alamarsa MED. Wajibi ne maniyyaci ya duba waɗannan haruffa ya san inda zai sauka, domin hukuncin haraminsa a kan haka ya rataya, kamar yadda bayani zai zo.

Nisan da ke tsakani

Daga filin Yamai zuwa filin Jidda, a miƙe ba tare da kauce-kauce ba, kusan kilomita 4,000 ne. Matuƙan jirgi suna awo da mil na ruwa, wanda kowane ɗaya mita 1,852 ne, don haka a lissafinsu nisan ya kai wajen mil 2,170. Daga Yamai zuwa filin Madina kuwa kusan kilomita 4,100 ne. Kewayen duniya gaba ɗaya wajen kilomita 40,000 ne, ke nan alhajin da ya tashi daga Yamai ya yanke ushirin kewayen duniya kafin ya taka ƙasar Hijaz.

Ga kimanin nisan Jidda daga wasu filayen jirgi na yankinmu, duk a miƙe:

Damagaram, kusan kilomita 3,300.
Agadas, kusan kilomita 3,300.
Kano, kusan kilomita 3,400.
Njamena, kusan kilomita 2,800.
Garwa, kusan kilomita 3,100.
Tamale, kusan kilomita 4,500.
Akara, kusan kilomita 4,600.

Yadda ake samun wannan lissafi shi ne, tunda ƙasa a dunƙule take, hanya mafi gajarta tsakanin garuruwa biyu ita ce wadda zare zai bi idan aka ɗora shi a kan ƙwallo aka ja shi sosai daga wannan ɗigo zuwa wancan. Yamai tana kan digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, digiri 2 gabas. Jidda tana kusa da digiri 22 arewa, digiri 39 gabas. Da waɗannan lambobi huɗu ake fitar da nisan. Wannan ilimi Musulmi sun daɗe da shi. A zamanin Halifa Ma'amun, a ƙarni na 9 miladiyya, masana sun fita sahara suka auna tsawon digiri ɗaya na ƙasa. Daga baya Albiruni ya yi littafi sukutum a kan gano matsayin garuruwa da nisan da ke tsakaninsu, kuma daga cikin manufofinsa akwai tantance alƙiblar garin Gazna. Bukatar salla ce ta ja malamanmu zuwa wannan fanni.

Hanyar da jirgi yake bi da tsawon lokacinta

Miƙaƙƙiyar hanya daga Yamai tana fuskantar gabas ne tare da ɗan karkata zuwa arewa. Tana wucewa ta wajen Tawa, ta bi kudu da Agadas, ta shiga arewacin Chadi ta wajen Faya, ta ratsa arewacin Sudan ta ƙetare kogin Nilu, sannan ta haye Bahar Maliya ta sauka Jidda. Manyan jiragen fasinja suna tafiya a tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, da gudun wajen kilomita 850 a awa. Da wannan gudu tafiyar takan ɗauki awa biyar zuwa biyar da rabi idan an haɗa da hawa da sauka.

Amma jirgi ba kullum yake samun miƙaƙƙiyar hanya ba. Akwai hanyoyin sama da hukumomi suka shata, akwai iska da ke tura jirgi ko ta tare shi, akwai kuma sararin samaniyar da ake rufewa. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya sa aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka riƙa kewayawa, abin da ya ƙara nisa da lokaci. Haka nan wanda bai samu jirgin da zai kai shi kai tsaye ba, nisansa ya ƙaru ƙwarai. Mai bi ta Adis Ababa zai yi wajen kilomita 4,000 kafin ya isa can, sannan wasu 1,400 zuwa Jidda, jimilla kusan 5,400. Mai bi ta Istambul zai yi wajen 4,000 sannan 2,400, jimilla kusan 6,400, ban da zaman jira a tsakani.

Wannan hanya ta Chadi da Sudan kusan ita ce kakanninmu suka bi da ƙafa da jakuna da raƙuma, ta Barno da Wadai da Darfur zuwa Sawakin a bakin teku, suna tsayawa su yi noma ko sana'a su samu guzuri. Wasu sun shekara da shekaru a hanya, wasu ba su dawo ba, kuma daga cikinsu ne aka samu al'ummar Hausawan da ke Sudan har yau. Abin da suka yi shekaru suna yankewa yau ana yanke shi tsakanin hantsi da la'asar. Wannan ni'ima ce da ta cancanci godiya, kuma godiyarta ita ce kiyaye ibada a cikinta.

Bambancin lokaci

Agogon Saudiyya yana gaba da na Nijar da Najeriya da Chadi da Kamaru da awa biyu, yana gaba da na Ghana da awa uku. Amma lokutan salla rana suke bi, ba agogo ba. Tsakanin Yamai da Jidda akwai digiri 37 daga yamma zuwa gabas, kuma rana tana cin minti huɗu a kowane digiri, ke nan rana tana riga fitowa da faɗuwa a Jidda da kusan awa biyu da rabi. Mai tafiya gabas yininsa yana gajarta da wannan gwargwado, mai dawowa yamma yininsa yana tsawaita da shi. Lokacin da ke jikin tikiti kuma, na tashi agogon garin tashi ne, na sauka agogon garin sauka ne. Wanda ya ga tashi ƙarfe 11 da sauka ƙarfe 6 ya sani awa biyar ce tafiyar, ba bakwai ba.

Kasaru

Asalin kasaru yana cikin Suratun Nisa'i aya ta 101 da aikin Manzon Allah (SAW) a tafiye-tafiyensa. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda yake a Risala da Mukhtasar, nisan da ake kasaru a cikinsa baridi huɗu ne, wato farsakhi 16, wato mil 48, wanda malaman zamani suka kimanta da kilomita 80 da 'yan kai. Tafiyar Jidda ta ninka wannan kusan sau hamsin. Abin lura shi ne hukuncin a kan nisa aka rataya shi, ba a kan wahala ko yawan kwanaki ba, don haka saurin jirgi da sanyin da ke cikinsa ba su ɗauke sauƙin da Allah Ya yi ba. Kasaru sunna ce mai ƙarfi a wurin Malikiyya, wajibi ne a wurin Hanafiyya. Azahar da la'asar da lisha ake mayarwa raka'a biyu, asuba da magariba suna nan yadda suke.

Matafiyi yana fara kasaru ne bayan ya wuce gine-ginen garinsa. Gine-ginen Yamai sun riga sun kai filin jirgi, saboda haka mazaunin Yamai da salla ta riske shi yana jira a filin zai cika raka'a huɗu. Wanda ya zo daga Maraɗi ko Damagaram ko Difa shi matafiyi ne tun daga barin garinsu, zai ci gaba da kasaru a Yamai, sai fa idan ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, to a nan sai ya cika. Wanda yake jiran jirgi bai san ranar tashi ba, kullum ana cewa yau ko gobe, yana kasaru ko da kwanakin sun yi yawa, domin bai ƙulla niyyar zama ba. A Makka da Madina alhaji yakan yi niyyar zaman da ya wuce kwana huɗu, don haka zai cika, kuma duk matafiyin da ya bi limami mazauni zai cika tare da shi. A Mina da Arfa da Muzdalifa kuwa ana kasaru saboda aikin Hajjin kansa a mazhabar Malik.

Salla a cikin jirgi

Bari mu kawo misali biyu. Jirgi ya tashi daga Yamai ƙarfe 11 na safe, kafin azahar ta yi. Bayan awa biyar zai sauka ƙarfe 4 agogon Nijar, wato ƙarfe 6 na yamma agogon Saudiyya. Rana tana faɗuwa a Jidda tsakanin wajen ƙarfe 6 saura a lokacin sanyi da ƙarfe 7 da 'yan mintuna a lokacin zafi. Ke nan azahar da la'asar duk sun shiga yana sama, kuma kafin ya fita daga jirgi ya gama da jami'an shige da fice magariba ta yi. Wannan mutum zai sallaci azahar da la'asar a cikin jirgi, ba zai jira sauka ba.

Misali na biyu, jirgi ya tashi ƙarfe 11 na dare. Zai sauka ƙarfe 6 na safe agogon Saudiyya. Alfijir ya keto yana sama, kuma a lokacin zafi rana tana fitowa a Jidda kafin ƙarfe 6. Asuba ba a haɗa ta da wata salla, don haka dole ya yi ta a cikin jirgi da zarar ya ga alfijir ta taga ko an sanar. Kada ya dogara da agogon hannunsa da ke kan lokacin Yamai, domin zai nuna masa dare ne alhali gari ya waye.

Idan azahar ta yi tun yana ƙasa kuma ya san ba zai sauka ba sai bayan faɗuwar rana, sai ya haɗa azahar da la'asar kafin ya shiga jirgi. Haka magariba da lisha. Littattafan Malikiyya na da sun ambaci wannan rangwame ga mai tafiyar tudu, Shafi'iyya da Hanbaliyya sun halatta shi a duk tafiyar kasaru, kuma fatawar malaman zamani ta tafi a kan halaccinsa ga fasinjan jirgin sama. Salla a ƙasa da cikakkiyar tsayuwa da ruku'u da sujada ta fi salla a kan kujera.

Wanda ya zama dole ya yi farilla a sama, sai ya nemi wurin tsayuwa ya fuskanci alƙibla idan ma'aikatan jirgi sun ba da dama. Wasu manyan jiragen kamfanin Saudia suna da keɓantaccen wurin salla. Idan babu hali, ko an umurci kowa ya ɗaura ɗamarar kujera, sai ya yi a zaune da nuni, ya sunkuya a sujada fiye da yadda ya sunkuya a ruku'u. Kada a toshe hanya, kada a yi jayayya da ma'aikata, domin tsaron rayukan jama'a aka ɗora masu.

Game da alƙibla akwai sauƙi babba. Alƙiblar Yamai tana kan digiri 72 daga arewa zuwa gabas, kuma jirgin da ya nufi Jidda a miƙe kusan wannan fuskar yake kallo, tunda Makka tana gabas da Jidda da tazarar da ba ta kai kilomita 100 ba. Saboda haka mai zaune a kujerarsa yana kallon gaban jirgi yana fuskantar alƙibla a mafi yawan tafiyar. A dawowa kuwa alƙibla tana bayansa. Idan jirgin ya bi ta Adis Ababa ko Istambul lissafin ya canza, sai a duba taswirar da ke allon kujera ko a tambayi ma'aikata.

Alwala kuma a yi ta kafin shiga jirgi a yi ƙoƙarin riƙe ta. Idan ta warware ana iya sabunta ta a bayin jirgi da ruwa kaɗan, wanki ɗai-ɗai ya isa, ba tare da jiƙa wurin ba. Taimama a wurin Malikiyya ana yin ta ne da abin da yake jinsin ƙasa, kamar turɓaya da dutse, don haka buga hannu a kan yadin kujera ba ya isarwa.

Azumi

Suratul Baƙara aya ta 184 da ta 185 sun ba matafiyi damar shan azumi ya rama. A mazhabar Malik yin azumin ya fi ga wanda yake da iko, kuma sharaɗin shansa shi ne mutum ya fara tafiyar kafin alfijir kuma bai kwana da niyyar azumi ba. Wanda ya wayi gari a gidansa da azumi sannan jirginsa ya tashi da hantsi, sai ya cika azuminsa. Mai azumi a sama yana buɗa-baki ne idan rana ta faɗi a inda yake, ba da agogon Yamai ko na Makka ba. A tsayin da jirgi yake tafiya ana ci gaba da ganin rana kusan kwata na awa bayan ta ɓace wa waɗanda ke ƙasa, to matuƙar yana ganinta ba zai sha ruwa ba. Amma wanda ya yi buɗa-baki a ƙasa bayan rana ta faɗi, sannan jirgi ya tashi ya sake hango ta, azuminsa ya cika babu komai a kansa. Mai dawowa daga Umara cikin Ramadan ya tuna yininsa zai ƙaru da wajen awa biyu da rabi, sai ya auna ƙarfinsa tun da dare kafin ya ƙulla niyya.

Miƙati da harami

Wannan shi ne wurin da aka fi samun kuskure. Hadisin Ibn Abbas da ke Bukhari da Muslim ya ambaci miƙatai huɗu, wato Zul-Hulaifa ga mutanen Madina, Juhfa ga mutanen Sham, Ƙarnul Manazil ga mutanen Najdu, Yalamlam ga mutanen Yaman, kuma kowane miƙati na mutanensa ne da wanda ya biyo ta kansa. Na biyar shi ne Zatu Irƙin ga mutanen Iraƙi. Juhfa, wadda take kusa da garin Rabig a arewacin Jidda, ita ce miƙatin mutanen Masar da Magrib da masu zuwa ta wannan ɓangare.

Wanda jirginsa zai sauka Madina ba ya ɗaukar harami a sama. Zai yi ziyararsa da tufafinsa, sannan ranar tafiya Makka ya ɗauka a Zul-Hulaifa, wadda ake kira Abyar Ali. Haka wanda ya sauka Jidda amma Madina zai fara wucewa.

Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye shi ne abin magana. Mafi yawan malaman zamani suna ganin Jidda miƙati ce ga mazaunanta kawai, mai zuwa ta sama zai ɗauki harami ne idan jirgi ya zo daidai da miƙati. Wannan shi ne matsayin Shaikh Ibn Baz, kuma shi ne abin da Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Amman a 1986. Shaikh Abdullahi bin Zaid Al Mahmud na Ƙatar ya tafi a kan halaccin jinkirtawa zuwa Jidda. Wasu malaman fiƙihu na da kuma sun yi rangwame ga mai tsallakowa daga Sawakin zuwa Jidda, saboda yana isowa ba tare da ya daidaita da wani miƙati ba. Sai dai fasinja ba shi da tabbacin ta ina jirginsa zai shigo, ko ta arewa daidai da Juhfa ko ta kudu daidai da Yalamlam. Abin da muke ba da shawara shi ne a ɗauki harami a sama, domin wanda ya yi haka aikinsa ya inganta a wurin kowa, wanda ya jinkirta kuwa ya shiga saɓani.

Yadda za a yi shi ne, maniyyaci ya yi wanka da tsafta tun a gida ko masauki, ya sa gyauton haraminsa kafin shiga jirgi, ko ya riƙe mayafan a jakar hannu ya canza a hanya. Kada a kuskura a sa su cikin babbar jakar da za a shigar ƙarƙashin jirgi. Sa mayafi shi kaɗai ba harami ba ne, niyya da talbiyya su ne harami. Idan matuƙi ya sanar an kusa miƙati sai a yi niyya nan take, domin jirgin yana cin wajen kilomita 14 a minti ɗaya, jinkirin minti biyar ya kai kilomita 70. Wanda yake tsoron barci ko rashin sanarwa yana iya yin niyya tun kafin jirgi ya kai Bahar Maliya. Yin harami kafin miƙati makaruhi ne a wurin Malikiyya amma ya ƙullu, kuma ya fi sauƙi a kan wucewa babu harami. Wanda ya wuce, idan ya koma miƙati kafin ya yi niyya babu komai a kansa, idan kuwa ya ɗauka a bayan miƙati sai ya yanka hadaya a Makka.

Mace tana harami da tufafinta na yau da kullum masu sutura, ba ta sa niƙabi ko safar hannu. Haila ko biƙi ba sa hana niyyar harami, domin Asma'u bint Umais ta haihu a Zul-Hulaifa kuma Annabi (SAW) ya umurce ta ta yi wanka ta ɗauki harami. Ɗawafi ne kawai za ta jinkirta har ta samu tsarki.

Muna kira ga malaman bita da jagororin alhazai su nemi lokacin tashi da na sauka da filin da za a sauka tun da wuri, su lissafa wa jama'arsu sallolin da za su riske su a sama, musamman tsofaffi da mata da waɗanda ba su taɓa shiga jirgi ba. Allah Ya kai maniyyatanmu lafiya, Ya karɓi ayyukansu, Ya dawo da su ga iyalansu cikin aminci, Ya ba waɗanda ba su je ba ikon zuwa. Allah ne Mafi sani.